Ƴan'uwanmu da sunka dawo daga waje da ciwo a zuciya

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili.

Duniya ta ga bidiyon yadda ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd a Minneapolis ta Amurka a watan Mayun 2020, haka a 2017 CNN ta nuno yadda ake gwanjon baƙaƙen fata a Libiya kamar ana cinikin dabbobi a kara. To amma mi muka yi wa namu da sunka dawo daga can?

Wallahi yaro zai dawo Sakkwato bayan an tsare shi, an doke shi, an zage shi kan launin fatarshi kawai, ba ya barci, ƙara kaɗan ya zabura, ya daina shiga majalisa, sai dangi su ce ai iska ce ko sammu, wasu ma gori za su yi mai wai ya dawo hannu rabbana. Wannan gorin shi ke ƙarasa mutum. Addu'a dole ce, amma a haɗa da likita, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan Kware kusa da mu, kuma zuwa can ba ya nufin hauka.

Tun 2023 anka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Ina roƙon gwamnatin jiha ta sa masu ba da shawara su riƙa ganin duk wanda anka dawo da shi, limamanmu kuma su taɓo maganar nan a huɗubar Juma'a.

Naku,
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato