A gwada kayan da firinta ta buga kafin a ɗaura su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan na'urar nan da ake kira firinta ta 3D, wadda take ƙera abu ta hanyar zuba narkakkiyar roba ko narka garin ƙarfe sahu bisa sahu, kamar yadda magini yake jera bulo, har siffar ta kammala. Na'urar ta fara shigowa jami'o'inmu da shagunan matasa, kuma duk lokacin da aka kawo labarinta, abin da ake nunawa shi ne kyan abin da aka buga da saurin aikin. Tambayar da ba na jin ana yi ita ce: wa ya gwada shi, kuma da me?

Bara, cikin watan Afrilu, wani matashi ya buga mini ɗan maƙalin roba na cikin mota, domin na asali ya karye kuma na rasa irinsa a kasuwa. A ido babu abin kushewa, ya zauna daram a mazauninsa. Bai cika mako biyu ba na bar motar a rana, da na dawo na tarar ya lanƙwashe, ina taɓa shi kuwa ya rabe gida biyu daidai kan layin sahun, kamar an sa reza. Daga baya na gane cewa da robar PLA aka buga shi, wadda take fara laushi idan zafi ya kai kusan digiri 60, mota rufaffiya kuwa a zafin bazara tana iya kaiwa nan. Ban ga laifin yaron ba, domin an koya masa bugawa amma ba a koya masa gwaji ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da abin nan na birki ne fa?

Mai sayen randa yakan ƙwanƙwasa ta ya saurari ƙararta, saboda ya san tsaga ba kullum take bayyana a ido ba. Matsalar ƙarfen da aka buga ta fi haka ɓuya. Leza ce, wato wani haske mai tsananin ƙarfi, take narka garin ƙarfen, kowane sahu kuma yawanci bai kai kaurin gashin kai ba, don haka abu ɗaya yana iya ƙunsar dubban sahu. Idan zafin ya gaza a wani wuri, sahun ba zai kama na ƙasa da shi ba. Idan ya yi yawa, ƙananan ramuka za su maƙale a ciki. Daga irin waɗannan ramuka ne tsaga take farawa idan ƙarfe ya daɗe yana shan jijjiga. Haka kuma ƙarfin abin bai zama ɗaya ta kowace fuska ba, ya danganta da yadda aka kwantar da shi a cikin na'urar. Sannan duk mai walda ya san yadda ƙofar ƙarfe take karkacewa idan ta sha wuta ta huce, abin da ke faruwa ke nan a kowane sahu.

Saboda haka ne masu wannan sana'a da gaske suke fara kwaikwayon aikin a kwamfuta, su ga inda zafi zai taru da inda ƙarfen zai ja, su gyara zanen tun kafin a ɓata garin ƙarfe mai tsada. Amma lissafin kwamfuta hasashe ne, sai an auna an ga ya dace da zahiri sannan a amince da shi. Shi ya sa suke buga ƙananan sanduna tare da ainihin kayan, a ja su har su tsinke, a jijjiga wasu har su gaji, shi kuma kayan a ɗauki hoton cikinsa da na'urar CT irin ta asibiti, wani lokaci a gasa shi cikin matsanancin matsi domin ramukan su rufe.

A shekarar 2015 ne hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta amince wa kamfanin GE da ɓangaren injin jirgi na farko da ya buga, wato gidan wata na'urar auna zafi a injin GE90, ɗan abu ne ƙwarai. Bakin nozul, wato bututun da ke fesa mai, na injin jirgin sama mai suna LEAP, wanda a da ake harhaɗa shi daga gutsattsari 20, yanzu guda ɗaya ake buga shi, kuma nauyinsa ya ragu da kashi 25 cikin 100, amma bai shiga jirgin fasinja ba sai da injin ya sha gwaji. Gadar ƙarfen nan mai tsawon mita 12 da kamfanin MX3D ya buga a Amsterdam ta ƙasar Holan an buɗe ta a watan Yulin 2021, bayan masana na Imperial College da ke Landan sun binciki ƙarfenta an kuma ɗora mata nauyi, sannan aka maƙala mata na'urori masu aika rahoton motsinta zuwa kwafinta da ke cikin kwamfuta.

Ba sai mun ƙirƙiro ƙa'idojin daga tushe ba, domin ƙungiyar ASTM mai tsara ƙa'idojin ingancin kaya ta kafa kwamiti a kan wannan fanni tun 2009, tana kuma aiki tare da ISO, ƙungiyar ƙa'idojin inganci ta duniya, wadda hukumarmu ta kula da ingancin kaya, SON, take cikinta. Roƙona ga SON shi ne ta fayyace wa masu shaguna irin kayan da ba za a sayar ba sai da shaidar gwaji, musamman na mota, na injin niƙa da na jikin ɗan Adam. Sassan injiniya na jami'o'i da kwalejojin fasaha da suke da injin gwada ƙarfin ƙarfe su buɗe wa matasan nan ƙofa a kan kuɗi kaɗan. Wakilanku kuma, idan aka gayyace su baje kolin abin da aka buga, su nemi a nuna musu sandar da aka ja ta tsinke da adadin nauyin da ta ɗauka.

Na gode.

Mai karatu daga Kaduna