Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga Membobinmu Masu POS, Cajin Waya da Sayar da Data

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen ƙungiya, Malam Shugaba, ma'aji, da 'yan uwa membobi maza da mata na cikin garin Funtua da na Bakori, Ɗandume da Faskari, barkanmu da ganin sabuwar shekara.

Ga rahoton abin da muka yi daga Janairu zuwa Disamban 2024. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta nasa bayan nawa, don haka ba zan shiga huruminsa ba. Ni abin da nake riƙe da shi littafin zama ne da littafin ƙorafi. Da na zauna ina buɗe littafin ƙorafin shafi-shafi don haɗa wannan rahoto, sai na lura cewa rigingimun da suka fi cinye mana lokaci ba daga teburanmu suka taso ba. Na ha'incin memba ko sakacin yaron shago kaɗan ne. Galibi wani ne a can nesa ya taɓa wani abu, sabis ya ɗauke ko layi ya rufe, mu da muke zaune gaban jama'a aka riƙe wa wuya.

Na farko ya same mu ranar Alhamis 14 ga Maris, kwana huɗu da kama azumi. Tun da hantsi na'urori suka fara juyi ba sa fitar da rasit. A zare wa mutum kuɗi, alat ya shigo masa, na'ura ta ce ita ba ta yi ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani membanmu da ke bakin tasha. Wani dattijo mai sayen masara ya zo cire kuɗin da zai sallami direba da 'yan dako, aka zare masa har sau biyu, ko sisi bai taɓa ba. Ga azumi, ga rana, ga 'yan dako sun yi masa zobe. Ya cafki rigar yaron da ke kan teburin ya ce sai dai a rabu a gaban 'yan sanda. Ni da mataimakin shugaba muka je, muka ce Baba a yi haƙuri, muka rubuta lambar cinikin da lokacinsa a takarda, mu uku muka sa hannu, ƙungiya ta tsaya cewa idan kuɗin ba su dawo ba ita za ta biya. Sun dawo, amma sai da aka kwana da yawa.

Daga baya muka ji musabbabin. Wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, su ne suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, wajen Abidjan. Yawancinmu ko tekun ba mu taɓa gani ba, ashe jarinmu ta ƙarƙashinsa yake wucewa kullum. Kamfanoni sun karkata zuwa wasu wayoyin, irin su Equiano ta Google wadda ta sauka Legas a 2022, gyaran kuwa sai da ya ci makonni, domin sai jirgin ruwa na musamman ya je ya ɗago wayar ya haɗa ta. A zaman da muka yi bayan ƙaramar salla muka kafa dokoki biyu: kowane tebur ya ajiye littafin takarda da ake rubuta duk cinikin da ya maƙale, kuma kowane memba ya riƙe layukan kamfani biyu daban-daban. Dokar littafin ta kashe wuta da yawa. Ta layi biyu kuwa, har yau akwai masu ganin ɓarnar kuɗi ce.

Watan Mayu na takardu ne. Ranar 6 ga wata Babban Bankin Najeriya ya fitar da umarnin cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari daga kuɗin da ake turawa ta intanet, da sunan harajin tsaron intanet, kuma asusun da za a tara kuɗin yana ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Jama'a suka yi ca, gwamnati ta dakatar da shi kafin ya fara aiki. Wanda bai dakata ba shi ne rajistar masu POS da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC. An fara sa wa'adin 7 ga Yuli, aka ƙara zuwa 5 ga Satumba. A nan ƙungiya ta yi rawar gani. Mun ware ranakun Asabar a shagon intanet na ɗaya daga cikinmu, ana cike wa membobi takardu a farashi ɗaya, maimakon kowa ya faɗa hannun 'yan kan hanya masu yanka kuɗi yadda suka ga dama. Muna godiya ga matasan da suka zauna kan kwamfuta ba tare da sun karɓi ko na shayi ba.

Sai ƙarshen Yuli, da aka wayi gari an toshe layukan mutane masu ɗimbin yawa kan batun haɗa layi da lambar katin ɗan ƙasa, NIN. Masu sayar da data su suka fi jin jiki, domin wanda layinsa ke rufe ba ya sayen komai. Na raka wata gyatuma ofishin wani kamfanin layi. Layinta ya fi shekara goma a hannunta, da shi ɗanta ke turo mata kuɗin cefane daga kudu. Laifinta kawai, a katin ɗan ƙasa an rubuta sunan mahaifinta da wani harafi, a rajistar layin kuma da wani. Tun bayan asuba take kan layi, rana ta take ba a kai kanta ba. Ranar 29 ga Yuli Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su buɗe layukan, daga baya ta sa 14 ga Satumba a matsayin wa'adin ƙarshe. Da yake abin ya zo ana saura kwanaki a fara zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agusta, mutane da yawa sun ɗauka da gangan aka yi. Kamfanonin sun musanta. Abin da na gani da idona dai shi ne, umarni ɗaya ya rufe, umarni ɗaya ya buɗe, cikin kwana biyu ko uku.

A kwanakin zanga-zangar mun shawarci kowa ya rufe tebur ya kwashe na'urarsa da kuɗinsa, kuma alhamdu lillahi babu membanmu da aka yi wa ɓarna. Mun yi baƙin cikin abin da ya faru a Kano, inda aka wawushe cibiyar fasahar zamani ta NCC aka cinna mata wuta ana dab da buɗe ta. 'Ya'yan talakawa ne za su koyi sana'a a wurin.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaukar muhawara a zamanmu na Satumba. A watan Agusta Ministan Sadarwa, Bosun Tijani, ya sanar cewa Shugaba Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya mayar da ƙarafan sabis da wayoyin fayiba, wato wayoyin intanet da ake binnewa a ƙasa, da cibiyoyin adana bayanai muhimman kadarorin ƙasa, wanda duk ya taɓa su ya aikata babban laifi. Mun yi maraba da wannan. Mu muka san abin da ke faruwa idan katafila ta tsinke fayiba wajen aikin hanya, ko ɓarayi suka kwashe batura da man gas a gindin ƙarfe. Amma wani dattijo cikin iyayen ƙungiya ya miƙe ya yi tambayar da ta sa wurin ya yi tsit. Ya ce, to an kare ƙarfen daga ɓarawo, wa zai kare mu ranar da mai dokar da kansa ya ce a kashe shi?

Waɗanda suka shigo sana'ar kwanan nan ba su san dalilin tambayar ba. Ranar 3 ga Satumban 2021 NCC ta umarci kamfanoni su kashe sabis a duk faɗin jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jihar, don a toshe hanyar sadarwa tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. A makon farko mutanen Gusau da Tsafe nan Funtua suke zuwa mota-mota, su yi kira, su cire kuɗi, su juya. Wasunmu sun yi cinikin da ba su taɓa yi ba. Gemun ɗan uwa na ci da wuta, mu muna ƙirga riba. Bayan kamar mako guda aka kashe na ƙananan hukumomi 13 a Katsina, har da Funtua da Bakori da Faskari da Ɗandume da Sabuwa da Malumfashi. Sai ga mu a motar Zariya da na'ura a aljihu, ana neman inda sanda ɗaya za ta fito a waya. Aka shafe watanni a haka. Akwai waɗanda suka cinye jarinsu a lokacin, har yau ba su dawo ba. A shekarar ce kuma aka rufe Twitter daga 5 ga Yuni har zuwa 13 ga Janairun 2022, kodayake wannan bai taɓa tukunyarmu kamar wancan ba.

Babu wanda ke musun matsalar tsaro a cikinmu. A ɗakin nan akwai wanda ya sayar da gona ya fanso ɗan uwansa. Idan hukuma ta ga kashe sabis zai ceci rai, ba mu da bakin hana ta, wuƙa da nama suna hannunta, tunda ita ke ba kamfani lasisi, ita ke ba shi izinin haƙa ramin fayiba, ita kuma ke iya karɓewa. Abin da muka nema a takardar da muka rubuta a watan Oktoba bai wuce abu uku ba. A riƙa sanar da jama'a a rubuce, a san wanda ya ba da umarnin da ranar da zai ƙare. A bar wata kafa ta kiran gaggawa, domin a wancan karo mai naƙuda da wanda aka kai wa hari duk ba su da hanyar kiran kowa. Sannan kada kamfanonin da suka ba mu na'urori su ƙwace su don ba mu cika adadin cinikin da suka gindaya ba, alhali ba mu muka kashe sabis ba. Mun kai takardar wurare huɗu. Ɗaya ya amsa da cewa ya karɓa. Sauran shiru, kuma laifinmu ne da ba mu sake komawa ba. Na rubuta wannan a cikin gazawarmu.

A ƙarshen Oktoban ne wutar lantarki ta ɗauke a yawancin jihohin Arewa fiye da mako guda, bayan layin Shiroro zuwa Kaduna da aka lalata, sannan wanda ke kawo wuta ta Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi. Masu caji sun ga kasuwa, amma fetur ya haura naira dubu lita ɗaya, janareta ta lashe ribar. Mun zauna mun tsayar da farashin caji ɗaya don kada a ce mun ci da gumin jama'a, kuma mun ci tarar waɗanda suka karya. Daga nan maganar sayen sola ta adashe ta taso, kuma zagaye na farko ya fara a Nuwamba.

Daga 1 ga Disamba aka fara cire naira 50 kan duk kuɗin da ya kai dubu goma a asusun kamfanoni irin su OPay da Moniepoint. Sannan ranar 20 ga Janairun 2025, NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, bayan kamfanoni sun nemi ninki. Kwamitin farashi zai kawo shawara kan kuɗin da muke karɓa a hannun jama'a a zama mai zuwa. Kafin nan kada kowa ya ƙara da kansa.

Asusun ko-ta-kwana da muka amince da shi a Satumba, wanda zai tallafi memba idan sabis ya ɗauke fiye da kwana uku, har yanzu bai kai ko'ina ba, domin da yawa ba su zuba nasu ba. Sunayensu na wurin ma'aji, kuma ya ce yau ba zai karanta ba, amma a zaman Fabrairu zai karanta. Masu son shiga zagaye na biyu na adashen sola su ga mataimakin shugaba bayan an tashi. Muna kuma neman mutum biyu da za su raka ni mu sake bin sawun takardar nan kafin azumi.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya