A Ba Batun Bayan Gida Muhimmancin Da Ya Dace Da Shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan batun bayan gida da tsaftar muhalli a ƙasashe masu tasowa, batun da kunya ke sa mutane da yawa kauce masa, alhali kuwa lafiyar yara da mutuncin mata sun dogara a kansa.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da na Asusun UNICEF sun nuna cewa a shekarar 2022 mutane kimanin biliyan 3.5 ba su da bayan gida mai cikakken inganci, daga cikinsu kuwa miliyan 419 a fili suke yin bahaya. An samu ci gaba, domin a shekarar 2000 masu bahaya a fili sun haura biliyan ɗaya, amma shekarar 2030 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar don kawo ƙarshen wannan hali ta ƙarato.

Najasar da aka bari a fili ba ta zama inda aka bar ta. Ruwan sama yakan kwashe ta ya zuba a rijiya da rafi, ƙudaje su sauka a kanta sannan su sauka a kan abinci, yaro mai rarrafe kuma ya taɓa ƙasa ya sa hannu a baki. Ta wannan hanya kwalara da zazzaɓin taifot da shan inna da tsutsar ciki suke yaɗuwa. Gudawa kaɗai tana hallaka yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da dubu 400 a duk shekara, wanda ya tsira kuwa sau da yawa yakan tsumbure, saboda hanjin da ke fama da cuta a kai a kai ba ya iya tsotse amfanin abin da aka ci. Idan aka samu bayan gida mai murfi, ga ruwa da sabulu a kusa, an datse hanyar cutar tun daga tushe, kuɗin magani ya ragu, iyaye su koma bakin sana'arsu.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da mata ke ciki. Macen da ba ta da makewayi takan riƙe kanta har duhu ya yi, wani lokaci ma ta rage ci da sha don kada buƙata ta kama ta da rana, sannan ta fita inda ake iya cin zarafinta. Yarinyar da makarantarsu ba ta da banɗaki mai ƙofa da ruwa takan zauna a gida lokacin al'adarta, karatu ya wuce ta.

Sai dai gini kaɗai ba ya wadatarwa. Gida ɗaya da ya ci gaba da bahaya a fili yana iya gurɓata ruwan unguwa baki ɗaya, shi ya sa tsarin da Kamal Kar, wani masanin raya karkara ɗan ƙasar Indiya, ya ɓullo da shi a Bangladesh wajen shekarar 2000 ya mai da hankali ga shawo kan al'umma gaba ɗaya su yanke shawarar dainawa da kansu. Indiya ta gina banɗakuna fiye da miliyan 100 daga shekarar 2014, duk da haka sai da ta haɗa da wayar da kai kafin mutane su saba amfani da su. Haka kuma masai yana cika, idan masu kwasarsa suka juye abin a kwata ko a kogi, an koma gidan jiya.

Saboda haka ina kira ga hukumomi da su ware kuɗin kwasar masai da sarrafa najasa kamar yadda suke ware na gini, su samar wa masu wannan aiki kayan kariya, su kuma tabbatar kowace makaranta da kasuwa da asibiti tana da banɗakin maza daban na mata daban, tare da ruwa. Ina kuma roƙon wannan jarida ta riƙa bibiyar lamarin a duk shekara, ba sai ranar 19 ga Nuwamba da ake bikin Ranar Bayan Gida ta Duniya ba.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum.