Zuwa Ga Ƙanwata Kulu, a Mabera

Manchesta, Ingila
12 ga Janairu, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kulu, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya sanyi, ya yara, ya Baban Sadik? Ya ƙafar Inna, ta sake ta kuwa? Mu nan sai godiya. Na ga hoton hazon da kika turo, har gidan da ke kallon naku ba a gani sosai. Namu sanyin na ruwa ne, mai shiga ƙashi. Rana ba ta fitowa sai bayan takwas, kafin huɗu da rabi kuma an yi magariba.

Saƙon muryarki na minti tara sau biyu na saurare shi, na farko a bas ina dawowa daga aikin dare, na biyu ina wanke-wanke. Na so in mayar miki da murya, sai na tuna yadda saƙo ke nutsewa a wayarki cikin hotunan anko da sanarwar suna. Shi ya sa na zauna na rubuta, ki samu abin da za ki koma ki duba.

Na ƙirga abubuwan da kika ce kina son yi a bana. Haddar izu goma, koyon ɗinki, gyara Lissafinki na NECO, faɗaɗa sana'ar kunun aya da zoɓo, rage teɓa, koyon kwamfuta, da tara wa Inna kuɗin Umara. Bakwai ke nan. Sai kuma kika rufe da cewa, "Amma Yaya, sai dai in yara sun yi wayo." Na yi dariya ni kaɗai a bas har wata tsohuwa ta waiwayo. Kulu, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kuma yaushe yaran za su yi wayon? Kafin Ummi ta yi wayo wani ya zo, in Allah ya kawo. Kin manta abin da Inna ke ce wa Gwaggo? "Mi kika jira? Hidimar ɗiya ba ta ƙarewa."

Bari in ba ki nawa labarin, wanda ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba saboda kunya.

Da muka iso a 2022, na ɗauka da takardar aikin jinya ta gida zan shiga asibiti kai tsaye. Ashe sai hukumarsu ta ma'aikatan jinya, NMC, ta yi wa mutum rajista, ita kuma sai ka ci jarabawar Turanci, sannan wata a kwamfuta, sannan ta gwajin aiki a gaban masu dubawa. Kafin nan na kama aiki a wani gidan kula da tsofaffi, takwas na dare zuwa takwas na safe, kwana uku a mako. Sai na sayo babbar takarda, na ja layuka da biro kala uku, na tsara rayuwata daga biyar na asuba har sha ɗaya na dare. Akwai lokacin karatu, na tilawa, na motsa jiki, har da na koya wa yara Hausa. Na manna a jikin firji, maigidan ya tsaya ya karanta ya ce masha Allah. Kwana tara takardar ta yi tana aiki. A na goma ƙaramin ya kwana da zazzaɓi, washegari ina da aiki, jibi ina ramuwar barci. Duk lokacin da na zo ɗaukar madara sai takardar nan ta tsare ni da ido kamar mai bin bashi. Ƙarshenta yaron ne ya zane ta da kalar makaranta, na cire na jefa a shara, har da jin sauƙi a raina.

Haka na shiga jarabawar Turancin, wato OET, ba shiri, na faɗi. Kuɗin da na biya kuwa na dare nawa ne ina juya tsofaffi a gado. Na yi kuka a kicin, na kunna famfo don kada yara su ji. Da na huce na sake duba sakamakon, sai na ga sauraro da karatu da magana duk na samu B ɗin da ake nema. Rubutu ne kaɗai ya kayar da ni, shi ma C+ ake so. Rubutun nan kuwa wasiƙa ce guda, a kan majinyaci guda, cikin minti 45. Ashe duk wannan babbar takardar, abin da nake bukata wasiƙa ɗaya ce a rana. Na ajiye komai na riƙe wannan. Wata huɗu ina yi, na koma na ci. Ta kwamfutar ma na wuce ta, saura gwajin aiki, ki sa ni a addu'a.

Ga wani abu da ban san darajarsa ba sai da na bar gida. Da farko na ɗaura karatun da sallar asuba, ina sallamewa in ɗauki biro. Ya tafi daidai cikin sanyi. Da aka shiga Yuni sai asuba ta koma kafin uku na dare, isha'i kuma wajen sha ɗaya, ga agogonsu da suke turawa gaba da awa ɗaya a ƙarshen Maris su mayar a ƙarshen Oktoba. Tsarina ya wargaje, sai da na sake ɗaura shi da dawowa daga kai yara makaranta. Ke kuwa asubarku ba ta barin tsakanin biyar da shida duk shekara, la'asar ma tana nan inda kika san ta. Ladanin unguwarku agogo ne da ba ya bukatar caji ko wuta.

Saboda haka ga shawarata, in kin ɗauka. Cikin bakwai ɗin nan ki zaɓi Lissafi. Ban ce ya fi hadda daraja ba, Allah ya tsare ni. Amma shi ne ƙofar da ta rufe miki sauran. Kina da Turanci, kina da sauran darussa, kiredit ɗin Lissafi kaɗai ya hana ki cika biyar ɗin da ake nema, shekara nawa ke nan? NECO na yin jarabawar 'yan waje a Nuwamba zuwa Disamba. Ga rana nan an yanke miki, ba ke za ki yi ta ɗagawa ba.

Kada ki ce wata goma ne, da sauran lokaci. Zauna ki cire na cirewa. Azumi zai kama a farkon Maris, kin san mace da azumi, daga azahar tana gindin murhu. Afrilu zafin Sakkwato ya haura 40, in an ɗauke wuta ko sunanki ba kya son ji, balle lissafi. Ga Sallah biyu, ga bikin 'yar Kawu, ga zazzaɓin damina da ba ya tsallake gida mai yara a Agusta da Satumba. In kin ƙirga da gaskiya, wata shida ko bakwai ne a hannunki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Lokacin da na hango miki shi ne bayan la'asar, da Sadik da ƙanensa sun tafi Islamiyya. Rabin awa kawai. Ki riga ki jiƙa ayar gobe, ki kashe wayar ko ki bar ta a ɗaki, ki shimfiɗa tabarma a inda kika yi sallar, littafi da biro suna nan cikin leda a gefe tun safe. In sai kin tashi neman biro, wallahi an gama, za ki ga wanki. Ki nemi tsofaffin tambayoyin jarabawar a wurin masu littattafai, ki riƙa yin biyar a zama. Wanda ya gagare ki ki yi masa alama, ran Asabar ɗan Yaya Bello ya zo ya warware miki. Me amfanin a ce muna da ɗa yana karatu a Jami'ar Ɗanfodiyo? Ki sallame shi da gorar kunun aya mai sanyi, ya isa.

Ki rataya kalanda, irin wadda ake rabawa a biki, duk ranar da kika zauna ki ja layi. Ranar da ta kuɓuce miki kada ki ce za ki rama, ba azumi ba ne. Ramuwar nan ce ta kashe ni a farko, in tara bashin kwana uku, in ga ya yi yawa, in watsar gaba ɗaya. Gobe ki zauna rabin awarki kamar ba abin da ya faru.

Kuɗin rajista kuma kada ki jira ranar ki tashi hankalin kowa. Ki je ki tambayi nawa ne da ranar rufewa, ki raba shi a kan kwanaki. Ko cinikin gora biyu kike jefawa a asusu kullum zai taru. Zan sa hannu, amma rabi, don na san ki, abin da kuɗinki ya shiga ba kya wasa da shi. Anko ɗaya ki bari ya wuce a bana. Za a yi magana, a yi kwana biyu a koma kan wata.

Baban Sadik mutumin kirki ne, amma kada ki tare shi da maganar yana cire takalmi. Ki bari ya ci ya huta, sannan ki faɗa masa abu ƙayyadadde: ga jarabawa, ga wata, ga abin da kike so daga gare shi, izini da haƙurin tuwon dare ya ɗan makara. Maza sun fi gane magana in tana da kai da gindi. Ummi kuma ki miƙa ta. Kina da Inna, kina da ƙanwar miji, kina da 'yan matan maƙwabta masu rububin goyo. Nan mai reno da awa ake biyan ta, in ka makara ɗauko yaro makaranta ta kira ka a waya. Akwai ranar da na yi rubutuna a tsaye, yaro a baya, takarda a kan injin wanki. Ke da ke tsakiyar dangi har kina jin nauyin cewa a riƙe miki?

Kwanaki na tuna zuwanmu Hubbaren Shehu da Inna muna yara, tana nuna mana wajen da Nana Asma'u take. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce, ga 'ya'ya ga gida mai baƙi ba dare ba rana. A haka ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji da malfa, suna zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su kai wa matan da hidima ta tsare a gida. Tun wancan zamanin ba a ce mace ta jira ta yaye na ƙarshe ba. Ban kawo ta don in ɗora miki nauyi ba, mu wa, ita wa. Na dai ga a garinmu aka yi.

Sauran shidan ki rubuta su a bangon baya na littafin, suna nan ba su gudu ba. In sakamako ya fito sai mu yi maganar Kwalejin Shehu Shagari ko karatun daga gida na NOUN, ba yanzu ba. Tilawarki ta kullum dai kada ki sake ta. Ni nan haddata tana inda na baro ta, kada ki ɗauka yayarki ta gama gyara kanta.

Akwai mai zuwa nan a Fabrairu, zan turo miki lambar matarsa. Ki haɗa mini kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yajin Inna, a ɗaure daddawar da leda uku don Allah. Kada a sa kilishi, ba a shigowa da nama, karɓewa za su yi a filin jirgi. Kowace Juma'a ki ɗauki hoton kalandarki ki turo, ni ma in turo tawa.

Ki gaida Inna da kyau, ki ce ta daina zama a ƙasa da sanyin nan. Ki gaida Baban Sadik da su Gwaggo, ki shafa mini kan yara. Ƙaramin ya farka, ina jin sa yana jijjiga gado.

Yayarki,
Luba