Ga matasa masu son zuba kifin roba na fatsa: a daina narka silifa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili a wannan jarida tamu in yi magana da matasa masu sha'awar fatsa, na bakin Neja da na madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori.

Ni mai aikin silin POP ne a Yelwan Yauri. Kamun kifi ba gadona ba ne, amma tun ina yaro nake bin kawuna bakin ruwa da ƙugiya, har yau kuma da wuya mako ya wuce ban jefa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da idona ya gani makon jiya. Na je aiki wani gida, sai na ji wani wari mai shaƙe maƙogwaro yana fitowa daga ɗakin samari. Da na tura ƙofa sai ga yara uku sun rufe taga, sun ɗora gwangwanin madara a kan kurfoti, suna narka tsohon silifa da guntun bututun ruwa. Idanunsu sun yi jajir, ƙaramin cikinsu yana ta tari. Na ce me kuke yi haka? Babban ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, kifin roba za mu zuba, ga shi haka Bature ya yi." Na kalli bidiyon. Baturen ba silifa yake narkawa ba, yaran ne ba su da wanda zai gaya musu.

Abin da ake zuba kifin roba da tanar roba da shi, waɗanda ake sa wa ƙugiya don yaudarar kifi, sunansa filastisol. Ruwa ne fari kamar madara, garin robar PVC ne da aka jiƙa cikin wani mai da ke sa roba laushi. Idan ya ji wuta yakan yi kauri kamar talge, daga nan ya saki ya koma garau kamar man gyaɗa a wajen digiri 177 na Salshiyas. In ya huce sai ya zama roba mai taushi, mai rawa a hannu kamar naman kifi. Silifa da leda da bututu ba sa yin haka, ƙonewa suke yi. Shi kansa filastisol in wuta ta yi masa yawa yakan koma rawaya, ya koma ruwan ƙasa, ya fara fitar da hayaƙi mai ɗauke da asid wanda ke cin huhu da ido. Kuma kada a ruɗe da tawadar da masu buga rubutu a riga suke amfani da ita, sunansu ɗaya amma haɗinsu daban.

Wannan sana'a ma a gida aka fara ta. A 1949 wani ma'aikacin injin ƙarfe mai suna Nick Creme da matarsa, a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, suka yi ta gwada haɗe-haɗe har suka samu tanar roba mai laushi. Daga baya kamfaninsu ya koma garin Tyler a Tekzas, inda masu fatsa a manyan tafkuna suka karɓe ta hannu bibbiyu. Saboda haka ban ga laifin yaran nan ba da suka so yin abin da hannunsu. Hanyar ce suka ɓata.

Ni na fara ne da wasu kifayen roba guda shida da wani mai gida da na yi wa aiki ya ba ni tsaraba. Cikin wata biyu kifi ya yayyaga su. Na tara guntayen na narka a hankali, suka ba ni biyu sababbi, domin wannan roba tana karɓar narki fiye da sau ɗaya. Daga baya na samu galan ɗaya na filastisol ta hannun wani ɗan kasuwa mai sayo kaya daga Sin. Gargaɗi ɗaya a nan: akwai wani nau'in kifin roba mai talewa sosai kamar danƙo, ba na PVC ba ne, ba a narka shi da sauran. Ko a gwangwani ɗaya ka ajiye su sai su ci juna su dame.

Inda sana'ata ta yi mini rana shi ne wajen mazubi, abin da masu buga bulo ke kira mol. Da farko nakan sassaƙa siffar kifin da yumɓu ko sabulun wanki, tsawon yatsa, in bar bayansa a shafe. Sai in manna shafaffen gefen a gindin ƙaramar roba mai kusurwa huɗu, in shafe shi da basilin sama-sama. Garin POP ake barbaɗawa cikin ruwa, ba ruwa ake zuba wa gari ba, duk ɗan aiki ya san wannan. In ya yi kaurin kunu sai in fara shafa shi da buroshi a jikin siffar don ya shiga kowane lungu, sannan in tsiyaya sauran daga kusurwa ɗaya har ya rufe ta da kamar yatsa biyu. Sai in yi ta ƙwanƙwasa gefen robar har kumfa ta gama tasowa. Kumfa ɗaya da ta maƙale a jikin siffa, duk kifin da ka zuba a wannan mazubi da ƙurji zai fito.

Cikin awa ɗaya ya kama, amma kamawa daban, bushewa daban. Nan ne mai gaggawa ke faɗuwa. Nakan shanya mazubi kwana huɗu ko biyar lokacin hunturu, da damina kuwa har mako da ɗoriya, sai na ɗaga na ji ya yi sakayau, na ƙwanƙwasa na ji yana amsawa. Bayan nan sai in sirka farin gam na kafinta da ruwa in shafe cikinsa, ya bushe, in sake, har sau uku ko huɗu, sai ya yi santsi yana sheƙi. In ba a toshe shi haka ba, kifin zai fito dususu, kuma danshin da ya rage zai riƙa hura kumfa cikin robar. Wanda yake son kifi mai cikakken jiki ta kowane gefe sai ya yi mazubi mai ɓari biyu: a binne rabin siffar a zubin farko, a dasa 'ya'yan boris biyu a kusurwoyi don ɓarin biyu su riƙa haɗuwa daidai, a shafa basilin, a zuba na biyu, a bar ƙofar da roba za ta shiga da siririyar hanyar da iska za ta fita.

Amma Edita, duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da wutsiya. Kifin roba ba shi da ƙamshi, ba shi da rai, motsinsa ne kaɗai ke yaudarar babban kifi, kuma motsin a wutsiya yake. Ƙarshen wutsiyar faifai ne ɗan ƙarami kamar tafin ƙafa, yana fuskantar ruwa. In ka ja zare, ruwa ya bugi faifan, sai ya kauce dama, ya dawo hagu, jikin duka ya ɗauki rawa. Sai da na yi mazubi bakwai kafin in gane sirrin. Na farko na yi wa wutsiyar wuya mai kauri, ta taho a sandare kamar kara. Na uku na sirance wuyan ƙwarai, ta yi rawa mai kyau amma jifa biyu ta tsinke. Wani kuma faifan ya karkace kaɗan, kifin ya riƙa juyawa yana murɗe mini zare. A cikin duron ruwan da muke kwaɓa POP nake gwadawa. Ranar da na bakwai ya fito, na ja shi a hankali na ga wutsiyar tana kaɗawa tun kafin in ƙara sauri, sai da na kira yaran aikina suka zo suka gani. Da shi na kama giwan ruwa na farko da robar hannuna, a gefen wasu duwatsu da hantsi. Bai kai girman waɗanda Sarkawa ke fitarwa ba, amma ya ciyar da gidana har da maƙwabta.

Wajen dafawa, Turawa sun fi amfani da na'urar ɗumama abinci da kofin gilashi mai jure zafi. Ni ƙaramin gas nake kunnawa a tsakar gida, wuta can ƙasa, da 'yar tukunyar ƙarfe wadda ba ta sake komawa kicin har abada. A girgiza galan sosai kafin a tsiyaya, domin garin yakan kwanta a ƙasa. A juya da ƙarfe, kada a juya da itace, itace yana riƙe danshi. Wanda zai iya sayen ma'aunin zafi ya saya, ya fi dogaro da ido. Launi ɗigo biyu ko uku ya isa. Wasu suna ƙara gishiri da aka niƙa lilis don kifin ya yi nauyi ya nutse, sai dai in ya yi yawa robar takan yi saurin yagewa. A zuba siriri, a bar shi mintuna kaɗan, a ɓamɓaro, a shimfiɗa shi a miƙe ya kwana. In ka jibge su tun da ɗumi, a lanƙwashe za su zauna.

Ruwa kuwa shi ne babban abokin gabar wannan aiki. Akwai tabo a wuyan hannuna na hagu, faɗin kwabo. Na wanke cokali ban goge shi sosai ba, na tsoma a tukunya, robar ta yi tsalle ta manne mini. Ta fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma ba ta gangarewa, liƙewa take yi tana ci. Tun daga ranar ba na kunna wuta sai da safar hannu ta fata, riga mai dogon hannu, tabarau da takalmi rufaffe, kuma ba yaro ko ɗaya a kusa. Bokitin ruwan sanyi yana nan taku uku daga tukunya. In tsautsayi ya faɗa, a tsoma wurin a ruwan sanyi kamar minti ashirin sannan a tafi asibiti, kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai. Haka dalmar da ake zubawa a kan ƙugiya don nauyi: ina roƙon kada kowa ya fasa tsohon batir ya narka a gidan da yara ke rarrafe. Ba mu manta ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Ni ƙugiya mai kan dalma sayenta nake yi a shirye.

Kada kuma wani ya ce na ce a ajiye taru da birgi da mamari. Kifin roba na mai sanda ne da ke jifa yana ja, kuma kifi mai farauta da ido yake kamawa, giwan ruwa a kan gaba. Tarwaɗa da hanci take kiwo, hanjin kaza da tana sun fi mata. Tsage yana kai wa kifin roba hari sosai, amma haƙoransa almakashi ne, sau da yawa rabin kifi za ka jawo. Sai an lura da ruwa ma. Da damina, lokacin da Neja ta yi fari da laka, baƙi ko rawaya mai haske ya fi ci. In hunturu ya shigo, ruwan da ya taso tun daga Gini ya ratso Mali ya iso garau, sai in koma fari mai ƙyalƙyali irin na ɗan kawara. Amfaninsa a wurina shi ne ba na kwana neman ƙananan kifaye don sa wa ƙugiya, waɗanda da an bar su da sun girma. Amma roba ba ta ruɓewa, kifi kuma yakan haɗiye wadda aka yar. Duk wanda ya yage ina sa shi a aljihu in kai gida in sake narkawa.

Roƙona uku ne, kuma ba su fi ƙarfin kowa ba. 'Yan kasuwa masu sayar da taru da ƙugiya su riƙa shigo da filastisol na gaskiya suna aunawa a ƙananan kwalabe, domin rashinsa ne ya kai yaran nan ga silifa. Malaman cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da kwalejin da ke Sabuwar Bussa, waɗanda tafkin Kainji ke ƙofar gidansu, su gwada mana su ga wace siffa da wane launi kifinmu ya fi so, su faɗa mana da Hausa a rediyo. Sannan maƙera masu zuba tukwanen alminiyam, na Panteka a Kaduna da na sauran garuruwa, su duba wannan aiki. Mazubin POP yana ɓarewa a baki bayan an daɗe ana zuba masa zafi, na alminiyam kuwa sai a bar wa 'ya'ya. Hannun da ya iya fitar da tukunya da murfinta daga yashi ba zai kasa fitar da kifi mai tsawon yatsa ba.

Yaran nan uku na nemi izinin mahaifinsu, ya amince su riƙa zuwa wurina ranar Lahadi da safe. Ban bar su sun taɓa wuta ba tukuna. Kowannensu ya sassaƙa siffarsa da sabulu, mazubansu uku suna kan rufin shagona suna shan rana, kuma na ƙaramin ne ya fi kyawun wutsiya.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku mai karatu,
Wani mai fatsa daga Yelwan Yauri, Jihar Kebbi.