Tallar caca a tsakiyar tafsiri

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in kai kukana ga samarin da ke ɗora karatun malamai a YouTube.

Ni tela ne a Jekadafari, cikin garin Gombe. Da azumi ɗinkin Sallah kan kai mu har sahur, sai mu jona waya da sifika mu saki tafsiri, ƙafa na kan keke, kunne na wajen malam. Wani dare ana cikin ƙissar Annabi Yusuf, an zo daidai inda 'yan'uwansa suka jefa shi rijiya, alaramma ya ja aya ke nan, sai kiɗa ya ɓarke, wani ya hau ihu da Turanci wai a zuba naira ɗari a ci miliyan. Hannuna na kan shaddar mutane, waya na can a caji. Kafin yaron shagona ya tsallake tulin yadi ya danna, Alhajin da ya zo karɓar kayansa ya riga ya yi mini kallon nan na "ashe haka kuke".

Mun gwada dabaru. Yaron ya sa mini burauzar Brave, tana tare talla, sai dai tun 2023 YouTube ke farautar masu toshe talla, yau abu ya yi, gobe ya ƙi. Akwai Premium, a biya duk wata a huta, to amma tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, datar ma da ƙyar muke saye. Manhajojin bayan fage da ake turawa ta Xender kuwa na ce a kai kasuwa, wayar da nake karɓar kuɗin kwastomomi da ita ba zan sa mata abin da ban san asalinsa ba. Abin da ya ɗan taimaka shi ne shiga My Ad Center, shafin saita talla na Google, na rage tallar caca da ta giya.

Daga baya ƙanena, mai tashar koyar da gyaran waya, ya fahimtar da ni inda gizo ke saƙa. Bidiyon da ya kai minti 8, mai tasha ne ke zaɓar ko a saka masa talla a tsakiya, kuma kashi 55 na kuɗin tallar nasa ne. Ke nan yanka ayar nan da hannun mutum a ciki.

Ban ce kada ku ci guminku ba, 'yan'uwa. Kyamara kuɗi ce, man janareta ma haka. Ku bar tallar farko da ta ƙarshe, za mu jure, ku kashe ta tsakiya a kan karatun Alƙur'ani. Malamai kuma su riƙa tambayar yaransu yadda aka saita tashar, don na tabbata da yawansu ba su taɓa kallon karatunsu a waya ba. Kafin nan dai, na sa an ja mini wayar caji zuwa gefen kekena.

Naku,
Wani tela,
Jekadafari, Gombe