Ba Kowane Dushewar Idon Tsoho Ba Ne Yana

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin 'yan'uwanmu na karkarar Kano da Jigawa kan wata cutar ido da ake yawan ɗauka yana ce.

A can bayan ido akwai wani tantani mai karɓar haske, a tsakiyarsa kuma akwai ɗan wuri da likitoci ke kira makula, faɗinsa bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba. Da shi ake karanta Alƙur'ani, da shi ake zura zare a allura, da shi ake gane fuskar mutum. Idan shekaru sun haura 50 yana iya fara lalacewa. Sai dattijo ya riƙa ganin gefen hanya sarai, amma fuskar jikansa da ke gabansa ta zama duhu ko hazo. Yana kam ana cire ta da tiyata, gani ya dawo. A lalacewar makula kuwa, abin da ya lalace ba ya dawowa. Gaskiya yana da hawan jinin ido sun fi ta makantar da mutane a ƙasar nan, amma akwai ta.

Shekaru da gado ba su hannun kowa. Taba tana hannunmu, kuma ita ce babbar illa. Mai shan sigari ya fi wanda ba ya sha haɗarin kamuwa ninki 2 ko fiye, domin hayaƙin yana ƙuntata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da wurin. Wanda ya daina, haɗarinsa na raguwa a hankali, ko da ya manyanta. Hawan jini da ƙiba ma suna taimaka wa cutar, don haka a rage gishiri da dunƙule a miya, a riƙa awon jini.

Sai abinci. Makula na tara wasu sinadarai biyu masu launin rawaya, lutin da ziyazantin, waɗanda ke tace haske mai cutarwa. Jiki ba ya yin su, sai an ci. Suna cikin zogale, alayyahu, sauran ganyaye masu duhun kore, gwaiduwar ƙwai da masara mai rawaya. Abin takaici, a gida muke ɓata su. Ana baza ganye a tsakar rana har ya koɗe, amfaninsa ya tafi tare da launin. A shanya a inuwa, inda iska ke ratsawa, a adana a rufe. Kada a bar ganye yana tafasa har ya yi baƙi, a sa shi daf da sauke tukunya, a kuma rage kanwa. Sinadaran nan ba sa shiga jiki sosai sai da maiƙo, shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ya fi ganyen da aka ci gaya. Kifi sau 2 a mako yana da kyau, mutanen Haɗeja da kewaye ba su da uzuri a nan.

Kan ƙwayoyin "gyaran ido" da ake tallatawa, a yi hattara. Binciken AREDS2 da aka fitar a Amurka a 2013 ya yi amfani da haɗin bitamin C miligiram 500, bitamin E, zinc, jan ƙarfe, lutin miligiram 10 da ziyazantin miligiram 2. Irin wannan haɗi yana rage saurin taɓarɓarewa ne ga wanda likita ya tabbatar cutar ta kai matsakaicin mataki. Ba ya hana mai lafiya kamuwa. Tsohon haɗin da ya gabaci wannan, mai sinadarin beta-karotin, kuwa yana ƙara wa masu shan taba haɗarin sankarar huhu.

Ga gwajin da kowa zai iya yi sau ɗaya a mako: rufe ido ɗaya da tafin hannu, ka dubi gefen ƙyauren ɗaki ko layukan takarda, sannan ka sauya ido. Dole a gwada ɗaya bayan ɗaya, domin lafiyayyen ido yana rufa wa mai ciwon asiri. Idan miƙaƙƙen layi ya lanƙwashe, ko tabo ya fito a tsakiya, wataƙila wani nau'in cutar ne da jijiyoyin jini ke yoyo a bayan ido, wanda kan cinye gani cikin makonni. Ana tsayar da shi da allurar da ake yi a cikin ido, akai-akai. Kada a tsaya ɗiga ruwan ganye ko neman masu kwantar da yana. A nufi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna a cikin makon.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar ido,
Haɗeja, Jihar Jigawa.